Idan Abokin Sana'a Ya Ɓata Maka Suna a Waya: Darasi Daga Suratun Nur



Ya ku 'yan uwa ɗalibai da iyayenmu masu daraja, mun zaɓi wannan darasi a littafin bana saboda wani abu da ya faru a gabanmu, kuma wasunmu da hannunsu a ciki. Ba za mu ambaci sunan kowa ba.

Mahaifin wani ɗan ajinmu mai sayar da agashe ne a kasuwa. Shekara da shekaru yana nan a wurinsa, kowa ya san yajinsa. Sai wani ya zo ya kafa tasa tukubar daura da shi, wanda ba laifi ba ne, don kasuwa ta kowa ce. Bayan 'yan watanni sai ga hoton jaki yankakke yana yawo a guruf-guruf na WhatsApp, tare da saƙon murya wai irin naman da dattijon yake gasa wa mutane ke nan. Daga nan aka ɗora a Facebook, a wani shafi marar sunan gaskiya, masu zagi suka yi ta zagi a ƙasa. Kafin kwana uku, mutumin da nama ke ƙare masa kafin isha'i ya koma yana dawowa da shi gida. Mu kuma, gaskiya ɗaya ce, akwai cikinmu waɗanda suka tura saƙon gaba, wai don su gargaɗi jama'a.

Sunayen wannan laifi a Shari'a

Tun a farkon littafin Ahalari aka karantar da mu cewa wajibi ne baligi ya tsare harshensa, aka kuma lissafa ƙarya da giba da annamimanci cikin abubuwan da aka haramta. A hadisin da Muslim ya ruwaito, Annabi (S.A.W.) ya bambance mana abu biyu: in ka faɗi aibin ɗan uwanka a bayan idonsa kuma aibin yana tare da shi, ka yi giba, in ba ya tare da shi, ka yi masa buhtani, wato ƙage. Abin da aka yi wa mai agashe buhtani ne. Tushensa kuwa hassada, wadda hadisi na 35 a cikin Arba'una ya haɗa ta wuri guda da ƙiyayya, da zuga farashi don yaudara, da shiga cinikin wani. Kun ga ke nan addini ya san kishin sana'a tun kafin a ƙera waya.

Abin da waya ta ƙara shi ne nisa da sauri. Da can mai tsegumi sai ya bi gida-gida ko ya zauna wurin mai shayi. Yanzu yana kwance a kan gado, ƙaryarsa ta kai Sinnar da Wad Madani da Damazin kafin a kira asuba. Bukhari ya ruwaito doguwar ru'uyar da Annabi (S.A.W.) ya gani, a ciki akwai mutumin da ake yage masa baki har ƙeya, aka ce shi ne wanda yake fita daga gida ya yi ƙaryar da za ta kai ko'ina a duniya. Duk mai riƙe da waya ya kamata wannan hadisi ya hana shi barci.

Abin da ya faru a Madina

A kan hanyar dawowa daga yaƙin Banu Musɗalik, Nana A'isha (R.A.) ta tsaya neman sarƙarta da ta tsinke, ayari ya tafi ya bar ta ba da sani ba. Safwan ɗan Mu'aɗɗal ya same ta, ya ɗora ta a raƙuminsa ya kawo ta. Shugaban munafukai Abdullahi ɗan Ubayyu ya ƙirƙiri magana, aka yi ta yayatawa kusan wata guda, ita tana kwance ba lafiya ba ta ma sani ba. Daga ƙarshe Allah ya saukar da ayoyi goma a Suratun Nur, daga ta 11 zuwa ta 20, ya wanke ta.

Akwai mutum uku a wannan ƙissa da muke so mu tsaya a kansu.

Ta farko Nana Zainab 'yar Jahshi. A'isha da kanta ta ce Zainab ce take gogayya da ita cikin matan Annabi. In da akwai wanda zai amfana da faɗuwar A'isha a idon duniya, ai ita ce. Amma da Annabi (S.A.W.) ya tambaye ta, sai ta tsare kunnenta da idonta, ta ce alheri kaɗai ta sani. Kishiya ke nan! To, ina ga mai tukuba da mai tukuba, ko tela da tela, ko mai godogodo da 'yar uwarta? Gasa halal ce. Ka gyara kayanka, ka cika mudunka, ka sakar wa mai saye fuska. Amma mutuncin abokin gasarka haramun ne a gare ka kamar jininsa da dukiyarsa.

Ta biyu Hamna, 'yar uwar Zainab. Ita ba kishiyar A'isha ba ce, amma ta shiga maganar don taya 'yar uwarta, sai ta faɗa cikin waɗanda aka yi wa haddi tare da Misɗahu da Hassanu ɗan Sabit. Wannan shi ne wurinmu, mu matasa. Sau da yawa dattijon da ke kishi bai ma iya buɗe shafi ba. Ɗansa ne ko ɗan ƙanensa zai ce bari in taya Baba. Haka ma masu turawa gaba. Aya ta 15 ta siffanta su da masu karɓar magana da harsunansu, suna faɗin abin da ba su da ilminsa, suna ganin ƙaramin abu ne alhali a wurin Allah babba ne. Malaminmu ya ce mu lura, ai da kunne ake karɓar magana, amma su daga harshe take zuwa harshe ba ta bi ta hankali ba. Yau kuwa daga yatsa take zuwa yatsa.

Na uku Sayyidina Abubakar. Shi yake ciyar da Misɗahu saboda zumunci da talauci. Da ya ji Misɗahu na cikin masu ɓata 'yarsa, ya rantse ba zai ƙara ba shi komai ba. Aya ta 22 ta sauka tana kira zuwa ga yafiya, nan take ya mayar masa da abin da ya saba ba shi. Amma a lura, yafiyar ta zo ne bayan gaskiya ta bayyana.

Me wanda aka ɓata zai yi?

Ɗan ajin namu ya zo makaranta ido jajur. Ya san wani abin kunya na gaske a gidan wancan mutumin, kuma ya riga ya rubuta, saura ya danna. Malam ya hana shi, ya ce: "Ɗana, in ka tura wannan, shi ya yi buhtani kai ka yi giba, mutane kuma za su daina tambayar naman jaki ne ko ba na jaki ba, su koma kallon faɗa." Ga matakan da aka bi, kuma muna ganin za su amfani duk wanda irin wannan ya same shi:

1. Kada ka mayar da martani cikin fushi. Magana zarar bunu ce, ta waya kuwa ko ka goge, wani ya riga ya ɗauki hotonta.

2. Ka adana shaida. Ka ɗauki hoton allon waya yadda suna da rana da lokaci za su fito, ka ajiye saƙon murya, ka rubuta waɗanda suka fara turo maka. Mai ƙage yakan goge in ya ji ana bincike.

3. Kada ka ambaci sunan wanda kake zargi sai ka tabbatar. Zato ba hujja ba ne, in ka kuskure kai ma ka zama mai ƙage.

4. Ka bayyana gaskiyarka sau ɗaya, a taƙaice, da shaidu. Mahaucin da dattijon yake sayen nama wurinsa ya tashi ya yi magana, waɗanda suke ganin ana yanka kullum suka shaida. Bakin shaida ya fi bakinka ƙarfi. Bayan haka ba sai ka bi kowane mai zagi kana amsawa ba. Ka toshe shi, ka kai ƙarar shafin ga masu manhajar.

5. Ka kai kuka inda za a share maka hawaye. Aya ta 148 a Suratun Nisa'i ta ba wanda aka zalunta damar bayyana abin da aka yi masa, kuma Imam Nawawi a Riyadus Salihin ya sa kai ƙara ga mai iko a farkon wurare shida da ambaton aibin mutum ya halatta. A wurinmu ana farawa da liman da shehin unguwa da dattawan kasuwa, a zauna judiyya. In abin ya gagara akwai hukuma. Sashe na 159 na dokar laifuffuka ta Sudan ta 1991 ya hukunta ɓata suna, akwai kuma dokar laifuffukan intanet ta 2018 wadda aka tsananta hukuncinta a 2020. Mun san tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 zuwa kotu ya yi wuya a wurare da yawa, shi ya sa nauyin ya ƙaru a kan dattawanmu.

6. In za a ba da haƙuri, a bayar a inda aka yi ɓarnar. Wanda ya ɓata ka a guruf mai ɗaruruwan mutane ba zai wanke ka a zaure gaban mutum biyar ba.

Haka aka yi. Da aka bi saƙon daga hannu zuwa hannu sai ya tsaya a kan wani yaro ɗan uwan mai sabuwar tukubar. Hoton kuwa tsoho ne, daga wani wuri dabam aka ɗauko shi. Suka amsa laifi gaban dattawa, aka sa suka yi saƙon murya na janyewa. Dattijon ya yafe. Amma har yau akwai masu wucewa ta gabansa ba sa tsayawa, don saƙon ƙarya ya kai inda na gyara bai kai ba. Ana cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, haka ne, sai dai kafin furen ya kaɗe wani gida ya kwana da yunwa.

Me ya sa abin ya fi haɗari a wurinmu?

A ƙarƙashin wancan hoto, wasu ba dattijon kaɗai suka zaga ba. Sun rubuta cewa ai haka Hausawa suke. Nan ne gabanmu ya faɗi. Ko a Madina, maganar da aka fara a kan mace ɗaya ta kai Ausu da Khazraju sun yunƙura wa juna a cikin masallaci, sai da Annabi (S.A.W.) ya yi ta lallashinsu daga kan mumbari.

Mu ma mun gani da idonmu. Kakanninmu sun zo wannan ƙasa tun da daɗewa, wasu a hanyar Hajji, wasu bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa Mai Wurno a bakin kogi, suka yi noma a gonakin Jazira bayan gina madatsar Sinnar a 1925. Shekaru masu yawa ana cin kasuwa ɗaya da maƙwabta. Amma a Yulin 2022 rikici ya tashi a jihar Nilul Azrak a kan ƙasa da sarauta, ya taɓa Kaisan da Rusairis da Damazin, fiye da mutum 100 suka rasu. A Oktoban shekarar ya sake tashi a yankin Wad al-Mahi, aka rasa fiye da 150, dubun dubatar mutane suka bar gidajensu. Ba waya ce ta haifi rikicin ba, amma kowa ya ga irin kalaman ƙiyayya da suka cika shafukan sada zumunta a lokacin, kuma an zubar da hawaye a kowane ɓangare. Wanda ya ga wannan ba zai ƙara ɗaukar tura saƙo abin wasa ba. Kuma yadda ba ma son a yi mana kuɗin goro, haka bai halatta mu yi wa wata ƙabila ba saboda laifin mutum ɗaya.

Abin da ya rage a kanmu

Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umarce mu da bincike in fasiƙi ya zo da labari, don kada mu cuci mutane cikin jahilci mu wayi gari muna nadama. Shafin da ya ɓoye sunansa kuwa ko matsayin a san adalcinsa bai kai ba. Muslim kuma ya kawo a gabatarwar littafinsa cewa faɗin duk abin da mutum ya ji ya ishe shi zama maƙaryaci. Saboda haka kafin mu tura saƙo mu tambayi kanmu: wa ya fara faɗa? Ya gani da idonsa? Wa zai ci riba in mutumin nan ya faɗi? In kuwa da gaske ne wani yana sayar da abin da zai cutar da jama'a, akwai hanyarsa: a gaya wa dattawan kasuwa ko ma'aikatan lafiya su duba, ba a yanke hukunci a guruf ba.

Mu da muka tura wancan saƙo mun je mun sami dattijon a tukubarsa, muka durƙusa muka ce: "Baba, mun yi kuskure, a yafe mana." Ya ce: "Na yafe, 'ya'yana, amma ku koma ku gaya wa duk wanda kuka tura wa." Wallahi wannan ya fi zuwan wuya, don wasu ba mu ma tuna su ba. Muna roƙon duk wanda ya karanta wannan, in saƙon ya bi ta wayarsa, shi ma ya yi haka.

Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare mu ne, malamanmu su gyara mana. Allah ya tsare harsunanmu da yatsunmu, ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya dawo da zaman lafiya a Sudan da sauran ƙasashen Musulmi. Allah shi ne mafi sani.