Abin da Ke Sa Cikin Shago Ya Yi Ƙarko

A garin Mashi, wanda ke kan hanyar Katsina zuwa Daura, ɗan kasuwa kan zuba jarinsa a kaya, sa'an nan ya gyara cikin shago da abin da ya rage. Ba a shekara uku sai daɓe ya fara tashi, kanta ta lanƙwashe, gara ta kama. Akan ɗora laifin a kan magini ko kafinta, alhali kuwa yawancin ɓarnar aikin ruwa ne, ko dai yawansa ko rashinsa.

A fara da daɓe. Mutane da yawa sun ɗauka bushewa ce ke sa siminti ƙarfi. Ba haka ba ne. Siminti yana haɗuwa da ruwa ne, su rikiɗe su zama wani abu mai tauri da ke riƙe yashi da tsakuwa. Wannan aiki kan ɗauki kwanaki, kuma sai bayan kwana 28 ne masana ke auna cikakken ƙarfinsa. Idan aka yi daɓe da hunturu, busasshiyar iska takan kwashe ruwan tun aikin bai yi nisa ba, sai saman ya riƙa zama gari ƙarƙashin takalman masu saye. Maganinsa ba shi da tsada: a rufe sabon daɓe da leda ko jiƙaƙƙun buhuna, a riƙa ba shi ruwa har kwana 7 aƙalla. Gaggawar buɗe shago kafin ranar kasuwa ita ke hana wannan haƙuri.

Da damina kuma matsalar takan juya. Bulo da siminti suna da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, waɗanda ke jan danshi daga ƙasa kamar yadda lagwani ke jan kananzir. Danshin yakan hau da gishirin ƙasa, idan ya bushe sai gishirin ya ture fenti. Shi ya sa ake shimfiɗa leda mai kauri kafin a zuba daɓe. Mai sayar da gishiri ko takin zamani kuwa, wajibi ne ya ɗora buhunansa a kan katako, domin suna jan laima, suna sa ƙarfe tsatsa, wasu takin ma suna cin siminti.

Katako shi ma yana shan danshi ya kumbura da damina, ya motse da rani. Wanda aka yi kanta da shi yana ɗanye zai tsage, ƙusoshi su saki. Allon da ake haɗawa da dusar katako da gam ya fi kowanne rauni, da ya sha ruwa ba ya komawa daidai. Gara kuma danshi take bi, saboda haka kantar da ta tsaya a kan ƙafafun ƙarfe, ba ta jingina da bango ba, ta fi tsira. Magina na dā sun san wannan fage: azarar giginya suke sawa domin gara ba ta cika cin ta ba, suna kuma yayyafa wa daɓen ƙasa makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa, don ya yi tauri.

Malami na iya nuna wa ɗalibai hawan danshi a aji. A tsayar da bulo biyu cikin faranti mai ruwa kaɗan, a naɗe gindin ɗaya da leda, sa'an nan a riƙa auna tsawon jiƙar kowanne da rula bayan kowace sa'a.