DARASI NA 18: ZUNGURIN GWAMNATI

Gwamnati tana da hanya uku ta bi da jama'a. Akwai doka, akwai gargaɗi, akwai zunguri.

Doka ta ce, ka yi ko a hukunta ka. Gargaɗi ya ce, ga amfanin abu kaza, ka duba. Zunguri kuwa ba ya cewa kome. Sai a share maka hanya ɗaya, a ɗora ka a kanta. In ka so ka sauka, ba mai hana ka. Amma an san mutum da son sauƙi.

Ga misali daga Ingila. A can ma'aikata da yawa ba su tanadin kuɗin tsufa, wato fansho. Kullum sai su ce gobe. A shekarar 2012 aka sake tsari. Aka fara rubuta ma'aikaci cikin asusun fansho ba tare da ya roƙa ba. Wanda ba ya so, shi zai ce a cire shi.

Dabarar ta ci. Cikin mutum 10, kamar 9 suka zauna. Zuwa 2019 an rubuta fiye da mutum miliyan 10. Wannan alheri ne.

To, amma ku lura da abu uku.

Na fari, wanda aka zungura ba ya yawan lissafi. Da aka fara, mafi ƙarancin zubi fam 2 ne cikin kowane fam 100 na albashin da doka ta ƙidaya. A 2019 ya zama fam 8. Mutane da yawa suka tsaya kan mafi ƙarancin nan. Suna zaton tun da Gwamnati ta yanka, ai ya isa. Alhali mai zuba mudu ɗaya a rumbu kowace kaka, ba shi da abincin bazara.

Na biyu, zunguri ba ya kai wa ga kowa. Mai sana'ar kansa ba a rubuta shi. Haka wanda bai kai shekara 22 ba, da wanda albashinsa bai wuce fam 10,000 a shekara ba, sai in sun nema da kansu. Ga shi kuwa mai ƙaramin ƙarfi ya fi kowa tsoron tsufa.

Na uku, wanda ya share hanya shi ya zaɓa maka. Bai san bashin da ke kanka ba. Bai san majinyacin da ke gidanka ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kuma hannun da ya zungura ka zuwa alheri yau, gobe yana iya zungura ka zuwa amfanin kansa, ba ka ji ba, ba ka gani ba.

Saboda haka zunguri na gari shi ne wanda aka yi a fili, aka faɗi dalilinsa, aka bar ƙofar fita a buɗe.

Kai kuma ɗan aji, ga amfanin karatunka. In an kawo maka takarda, kada ka dangwala hannu sai ka karanta. Ka tambaya: Wa ya zaɓa mini? Nawa ne? Yaya zan fita?

TAMBAYOYI
1. Mene ne bambancin doka da zunguri?
2. Su wa zungurin Ingila bai kai gare su ba?
3. Rubuta tambayoyin nan uku a littafinka.