Darasi na Bakwai: Jeranta Bayanai Wajen Kiran Ƙullin Umarni a Kwamfuta

7.1 Gabatarwa

Ɗalibin nahawu ya san cewa "Mafarauci ya kashe zaki" da "Zaki ya kashe mafarauci" kalmominsu ɗaya ne, amma gurbin da kowace kalma ta zauna shi ke bambanta aikau da karɓau. Haka abin yake a harsunan tsara manhaja. Ƙullin umarni wani yanki ne na manhaja da ake kira da sunansa, a miƙa masa bayanai ya yi aiki da su, kuma galibi da gurbi yake gane matsayin kowane bayani.

7.2 Yadda Kuskuren ke Aukuwa

A harshen Python, pow(2, 3) na nufin a ninka 2 da kanta sau uku, wato 8. Idan aka juya aka rubuta pow(3, 2), amsar 9 ce. Abin lura a nan shi ne, kwamfuta ba za ta yi ƙorafi ba, domin duka biyun lambobi ne. Kuskuren da ya fito da amsa ya fi wanda ya tsayar da aiki haɗari, saboda ba mai zarginsa.

Misalin taswira ya fi fito da ɓarnar fili. Kano tana wajen digiri 12 arewa da 8.5 gabas. Google Maps na fara karɓar na arewa, shi kuwa tsarin GeoJSON na gabas yake farawa da shi. Wanda ya haɗa su bai lura ba, sai ya tarar Kano ta koma kudancin Adamawa, kusa da Ganye.

7.3 Hanyoyin Kauce Masa

Hanya mafi inganci ita ce kiran kowane bayani da sunansa, kamar pow(base=2, exp=3). Da zarar an ambaci suna, gurbi ya daina tasiri. Harshen PHP, wanda ya yi ƙaurin suna wajen saɓanin jeri, ya samar da wannan dama a 2020. Inda babu ita, a duba yadda aka bayyana ƙullin kafin a kira shi. Dogaro da hadda a nan ganganci ne. Wajen gwaji kuma a guji lambobi masu kama da juna, domin pow(2, 2) ba zai taɓa tona asirin juyi ba.

Auna Fahimta

1. Kawo jimlolin Hausa biyu da sauya gurbin kalma ke sauya ma'anarsu, sannan ka kwatanta su da pow(2, 3).
2. Me ya sa pow(2, 4) bai dace da gwajin jeri ba?