Bayani a kan Dokar Sa wa Masu Fyaɗe Marin Lantarki

Ka sani, ya kai mai karatu, cewa a shekarar 2005, a jihar Florida ta ƙasar Amurka, wani mujirimi wanda sunansa ke cikin littafin masu laifin lalata ya sace wata yarinya 'yar shekara 9, Jessica Lunsford, ya yi mata fyaɗe, ya kashe ta. A cikin wannan shekara majalisar jihar ta zartar da doka da sunan marigayiyar, wadda ta hukunta cewa wanda duk ya yi lalata da yaron da bai kai shekara 12 ba, bayan ɗaurin da bai gaza shekara 25 ba, in Allah ya ƙaddara fitowarsa, sai a ɗaura masa na'ura a ƙafa muddin ransa. Jihar California ta bi sahu a 2006.

Ita wannan na'ura, wato marin lantarki, ɗan akwati ce mai maɗauri da ake zagayawa a idon sawu, ba a cire ta ko wajen wanka, tauraron ɗan'adam kuwa shi ke nuna wa jami'i inda mai ita yake. Idan ya ƙetare haddin da aka shata masa, ya kusanci makaranta ko filin wasan yara, ko ya yanke maɗaurin, ko ya bar batirin ya mutu, nan take labari zai isa ofis. Kotun Ƙoli ta Amurka ma, a 2015, ta ce ɗaura wannan na'ura bincike ne a jikin mutum, don haka dole ya kasance bisa hujja.

To, amma haƙiƙa, kuma nan ne masu doka suka fi gafala, marin wuri yake nunawa, ba ya nuna abin da ake aikatawa a wurin. Koriya ta Kudu ta fara amfani da shi a 2008, sai ga shi a watan Agusta na 2021, a birnin Seoul, wani mai sanye da shi ya kashe mace a cikin gidansa, inda na'urar ba ta da dalilin yin ƙara, sa'an nan ya yanke marin ya gudu, ya kashe ta biyu. 'Yan sanda sun je ƙofar gidan, gawa na ciki, suka juya don ba su da izinin alƙali na shiga. Sai bayan wannan musiba ma'aikatar shari'a ta kafa rundunoni na musamman masu bin sawun wanda ya yanke marinsa cikin gaggawa.