Ginin Jimlar Hani a Sifaniyanci: Nazarin Aikatau "Hablar"

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala ta duba yadda ake kore umarni a Sifaniyanci, ta amfani da aikatau hablar (yin magana), wanda ke bin ƙa'ida ba tare da sauya saiwa ba. Mai koyo yakan ɗauka cewa sanya kalmar korewa "no" a gaban umarni ya wadatar. Wannan kuskure ne mai sauya ma'ana: "habla" na nufin "yi magana", amma "no habla" labari ne, wato "ba ya magana".

2.0 Matakan Gini

Sifaniyanci yana gina hani ne da sigar umartau, wadda manazarta harshen ke kira subjuntivo. Matakan uku ne. Da farko a ɗauko sigar mai magana tilo a lokaci mai ci: hablo. Sai a cire wasalin ƙarshe, a bar saiwa: habl-. Daga nan a liƙa ɗafa-ƙeya mai wasalin "e", a gabatar da "no":

no hables: kada ka/ki yi magana
no hable: kada a yi magana (ga mutum ɗaya, cikin girmamawa)
no hablemos: kada mu yi magana
no habléis: kada ku yi magana (a Sifaniya)
no hablen: kada ku yi magana (a Latin Amurka, ko don girmamawa a Sifaniya)

Aikatau masu ƙarewa da -er ko -ir suna ɗaukar wasalin "a": comer (ci) ya zama no comas, escribir (rubuta) ya zama no escribas.

3.0 Gurbin Wakilin Suna

A umarni, wakilin sunan karɓau yana manne a ƙarshen aikatau: cómelo (ci shi). A hani kuwa, yana shiga tsakanin "no" da aikatau: no lo comas (kada ka ci shi).

4.0 Kwatanci da Hausa

Hausa ma ba ta kore sigar umarni kai tsaye. Ana cewa "zauna", amma ba a cewa "kada zauna", sai dai "kada ka zauna". Ke nan harsunan biyu suna komawa ga umartau wajen hani. Sun bambanta ta wajen nuna wanda ake hanawa: Hausa tana amfani da lamirin suna gaban aikatau, Sifaniyanci kuma da ɗafa-ƙeya. Haka nan Hausa tana rarrabe jinsi (ka/ki), alhali "no hables" ta game namiji da mace.

5.0 Kammalawa

Malamin da ya fara darasin daga tsarin "kada ka zauna" zai sauƙaƙa wa ɗalibi Bahaushe gane dalilin da "habla" ke komawa "no hables".