FILIN MANOMA: A-kori-kura Mai Fetur da Lantarki, da Hanyoyin Ƙasar Yauri

Tun da Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, manoman ƙasar Yauri su ke kuka da kuɗin ɗauko amfanin gona. Mai albasa a bakin ruwa, da mai shinkafa a Shanga, da mai bandar kifi a Wara, duk maganarsu ɗaya ce, watau kuɗin mota ya kan cinye riba tun kaya ba su isa kasuwar Yelwa ba. Saboda haka waɗansu manyan manoma da ƙungiyoyin gama kai suka fara tambayar labarin wata ƙaramar a-kori-kura da a ke yi a ƙasashen waje, wadda ta ke aiki da fetur da lantarki a haɗe. Darasin wannan mako a kanta ya ke.

YADDA TA KE AIKI

Motar tana da inji iri biyu, ɗaya na fetur, ɗaya na lantarki, da wani babban batir. Ba a jona ta da wuta a gida. Injin fetur shi ke cika batir, sa'an nan duk sa'ad da direba ya taka birki, ƙarfin gudun nan da ya kan tafi a banza sai ya koma cikin batir. Kadan an tsaya, ko ana tafiya sannu cikin kasuwa, injin fetur ya kan mutu da kansa, lantarki ya ja motar. Nan ne ragowar mai ta ke fitowa.

Dabarar ba sabuwa ba ce, gama kamfanin Toyota na Japan ya fitar da Prius tun 1997. Amma ƙaramar a-kori-kurar da ta yi suna da ita, ita ce Ford Maverick, wadda aka fara sayarwa a Amurka a 2021. Bisa ga awon hukumar Amurka, ta farkon nan tana yin kamar kilomita 18 da lita 1 a cikin gari, kilomita 14 kuwa a kan doguwar hanya. Babbar a-kori-kura mai fetur zalla da ƙyar ta ke wuce kilomita 10. To, a lura: ribarta ta fi yawa a inda a ke tsaye-tsaye. Da kaya mai nauyi a kan burji, ribar ta kan ragu.

ABIN DA TA KE ƊAUKA

Manoman ƙasar nan sun saba da Peugeot 404 da 504, waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan an buɗe ma'aikatar a 1975, da kuma Toyota Hilux mai ɗaukar kusan tan 1. Wannan ba ta kai su ba. Tsawon bayanta ƙafa 4 da rabi ne, nauyin da aka yardar mata kuwa kamar kilo 680, har da mutanen da ke ciki. In aka fitar da nauyin direba da yaron mota, saura kamar kilo 550. Watau buhun takin zamani 11 masu kilo 50, ko buhun hatsi 5 masu kilo 100. Wanda ya ɗora mata buhu 10 na dawa don ya ga wuri bai cika ba, sifirin da tayoyi za su gaya masa gaskiya kafin ya kai Koko. Amma dai ta fi ƙaramar Hijet, wadda kilo 350 aka rubuta mata.

Don aikin yau da kullum, kamar kai taki da iri gona, da ɗauko injin ban ruwa, da kai mara lafiya asibiti, ba ta da laifi, gama tana da ƙofa 4 da kujerun mutum 5. Ga babban lodin kaka kuwa, sai babbar mota.

DAMINA

A Amurka abin da mai mota ya ke tsoro shi ne ƙanƙarar lokacin sanyi. A ƙasar Yauri kuwa damina ce mai jarraba mota, tun ba cikin Agusta da Satumba ba. Babbar hanyar da ta taso daga Kontagora ta bi ta Yelwa da Koko zuwa Jega ba ita ce abin damuwa ba. Wahalar tana kan hanyoyin da suka ratse zuwa tungaye da gonaki.

Abu na fari, a tambayi ƙafafun da ke jan motar. Masu lantarkin da aka yi daga 2021 zuwa 2024 ƙafafun gaba kaɗai ke jansu. Sai a ƙirar 2025 aka fara samun mai jan ƙafa huɗu. Kadan an loda kaya a baya, gaba ya kan yi sauƙi, tayoyin da ke ja su rasa abin kamawa, sai su yi ta juyawa cikin taɓo. 504 ba haka ta ke ba, gama ita da baya ta ke ja, kaya kuwa ƙara mata kamu ya ke yi.

Abu na biyu, ruwa. Tsakanin cikin motar da ƙasa kamar inci 8 ne, babban batir kuwa a ƙasa ya ke, wajen kujerar baya. Ko da ya ke an rufe shi da kyau, ba a yi motar don ƙetare rafi ba. Ruwan da ya kai tsakiyar taya ya isa a tsaya. Yaron mota ya shiga da sanda ya gwada zurfi tukuna. Ruwa mai gudu kuwa, a jira ya janye.

Abu na uku, bakin tafki. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwan tafkin yana hawa yana sauka kowace shekara. Farin ruwa na damina shi ke cika shi wajen Satumba da Oktoba, baƙin ruwa mai tasowa daga Gini ta Mali ya riƙe shi cikin sanyi, sa'an nan ya yi ta janyewa daga bazara har tsakiyar damina. Ƙasar da ruwa ya bari ta kan bushe a sama, ta tsage, alhali ƙarƙashinta laka ce mai laushi. Direba ya ga kamar fako, sai mota ta nutse har ciki. Gara a tsaya a kan tudu, jakuna ko amalanken shanu su kawo kaya daga jirgi.

A sani kuma, irin wannan mota ba ta tashi da turi. In ƙaramin batirinta ya mutu, sai an jona shi da wani. Don haka kada a rabu da wayar jona batir, da shebur, da igiya mai ƙarfi, da katako 2, da jak, da safayar taya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

HUNTURU DA BAZARA

Sanyin ƙasar nan bai isa ya dami batir ba. Ƙura ita ce abokiyar gaba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu a riƙa duba matatar iska kowane mako, in ta toshe a sake ta, gama injin da bai sha iska ba mai ya ke sha. Ranar da hazo ya sauka a kunna fitila ko da rana ne, a rage gudu. Ga wani abin lura: sa'ad da ta ke tafiya da lantarki ba ta da ƙara sosai. Yara da awaki da masu tallan kifi ba su cika jin zuwanta ba, sai direba ya yi hattara a bakin kasuwa da cikin ƙauye.

A Maris da Afrilu zafi ya kan kai awo 40. Zafi shi ke tsufar da batir. A ajiye mota a inuwa, a riƙa duba ruwan lagireto. Ruwan da aka yi domin wannan aiki za a zuba, ban da ruwan kogi.

BAKANIKE DA KAYAN GYARA

Wannan shi ne babban al'amari. Bakaniken Peugeot ko Hilux ba shi da wuyar samu, kayan gyaransu kuma suna kasuwa. Ita kuwa wannan kwamfuta ce ke sarrafa ta, sai da na'ura a ke gane ciwonta. Wayoyin nan masu launin ruwan goro da ke cikinta suna ɗauke da wuta mai iya kashe mutum. Wanda bai koyi aikin ba kada ya taɓa su, kada kuma mai walda ya kusance su. Motar da ta kwanta sati 3 cikin kaka tana jiran ƙarfe daga Legas, albasa kuwa tana ruɓa, ta cinye ragowar man shekara guda.

Wanda zai sayi tokumbo ya shiga ƙarƙashinta ya duba tsatsa, gama a wuraren sanyi na Amurka gishiri a ke barbaɗa wa hanya don ƙanƙara ta narke, gishiri kuwa yana cin ƙarfe. Ya ɗaga shimfiɗar ciki ya nemi alamar laka, domin a kan sayar da motocin da ambaliya ta shanye. Ya sa a auna lafiyar babban batir da na'ura kafin ya biya ko kwabo. Araha ba ta ado.

ABIN DA ZA A RIƘE

Kafin manomi ko ƙungiya su fitar da kuɗi, sai su amsa tambayoyi 3:

1. Hanyar gonarsu, yaya ta ke cikin Agusta?
2. Buhu nawa su ke so su ɗauka a sawu ɗaya?
3. Wa zai gyara motar, a wane gari ya ke kuma?

Wanda yawancin tafiyarsa a kan kwalta ne, kayansa ba su wuce buhu 5 ba, yana kuma da bakanike masani a kusa, motar za ta rage masa kuɗin mai ƙwarai. Wanda gonarsa ke cikin fadama ko bakin tafki kuwa, gara ya riƙe tsohuwar da ya sani, ya gyara ta tun ruwa bai sauka ba. Mako mai zuwa, in Allah ya yarda, za a yi bayani a kan ajiyar albasa a rumfa.