Darasin Lafiya: Ƙari a Ƙwaƙwalwa da Maganin da Ake Samu Daga Tsirrai

Uwargida, wataƙila an taɓa turo miki saƙo a waya cewa shan kurkur, wanda wasu ke kira gangamau, yana narkar da ƙari a ƙwaƙwalwa. To, bari mu warware zare da abawa.

Gaskiya ne akwai magungunan ciwon daji da asalinsu tsiro ne. Vincristine, wanda aka amince da amfani da shi a 1963, daga wata fulawa 'yar asalin Madagaska aka samo shi. Paclitaxel kuwa daga ɓawon wata bishiya ta Amurka. Shi ma kurkur yana da sinadarin curcumin, wanda ke kashe ƙwayoyin daji a ɗakin gwaji.

Sai dai ƙwaƙwalwa daban take. Allah Ya yi wa hanyoyin jininta shinge, kamar rariya mai matsattsun idanu, don kada guba ta shiga. Wannan shingen yana tare mafi yawan magunguna su ma. Shi kuma curcumin, kaɗan ne ainun hanji ke tsotsa, hanta ta yi maza ta sarrafa shi. Ko kin cika kofi kin sha, ba zai isa wurin ƙarin da ƙarfin da zai yi aiki ba.

Shi ya sa masana ke ƙunsa maganin cikin wasu mitsi-mitsin ƙwayoyi na maiƙo ko furotin, masu girman nanomita 100 ko kusa da haka. Sai ɗaruruwansu sun jeru kafin su kai kaurin silin gashi ɗaya. Ƙunshin yana kare maganin cikin jini, wani kuma a manna masa abin da shingen ya saba buɗe wa ƙofa. A 2005 Amurka ta amince da Abraxane, wato paclitaxel da aka ƙunsa ta wannan hanya, don dajin mama. Amma na curcumin don ƙwaƙwalwa, mafi yawan gwajinsa a kan ɓeraye ne. Bai zama maganin asibiti ba tukuna. Duk wanda ya ce zai sayar miki da shi, ki riƙe kuɗinki.

Abin da ke hannunki yau shi ne lura. Ciwon kai da ke ƙaruwa, musamman da asuba, amai, gani dishi-dishi, farfaɗiya ga wanda bai taɓa yi ba, mutuwar ɓarin jiki, ko sauyin hali. Sau da yawa a ce iska ce ko sammu, a yi ta jiƙe-jiƙe wata da watanni, ƙarin yana girma.

In kin ga haka ga maigida ko yaro, ko kina Roni, Gwiwa ko Babura, ku nufi babban asibitin Kazaure ko wanda ya fi kusa, ku nemi a tura ku Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, inda ake hoton ƙwaƙwalwa da tiyata. Ba kowane ƙari ne daji ba, wasu ana cire su mutum ya warke. Ki kuma gaya wa likita duk sassaƙen da ake sha.

Kurkur ya zauna a tukunya, addu'a ta tafi tare da asibiti. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.